Yadda Ake Samun Izinin Hukuma Kafin A Yanka Gona Zuwa Fulotai

Duk mai gona a bakin gari ya san yadda maganar take farawa. Gine-gine sun matso, kwalta ta kusa, sai dillali ya fara zarya: "Alhaji, wannan ai ta wuce noma, a yanka ta kawai." Ba a jima ba sai a zo da igiya da turaku, a auna ƙafa hamsin-hamsin, mai unguwa ya sa hannu, kafin wata ya zagayo an sayar da rabi. Da irin wannan awon igiya aka kafa unguwanni masu yawa a gefen Kano da Zariya da Kaduna da Katsina, kuma abin da ya haifar ba ɓoyayye ba ne: lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, ruwan sama da ba shi da mafita sai ɗakunan mutane, sannan jan fenti a jikin katanga bayan bawan Allah ya gama zuba duk abin da ya tara.

Akwai hanyar da doka ta tanada. Ta fi tsawo, ta fi cin kuɗi da farko, amma ita ce ke sa fulotin da ka sayar ya zama abin da mai saye zai iya yi wa takarda, ya gina, ya bar wa 'ya'yansa ba tare da fargabar rusau ba. Wannan bayani na mai ƙaramin wuri ne, wanda ke son fitar da fuloti huɗu, shida ko goma, ko magadan da ke son kowa ya ware nasa. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, kada ka karɓi kuɗin kowa kafin zanenka ya samu hatimin hukuma. Sauran matakan duk a kan wannan suke tafiya.

Da farko, gano ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Mutane da yawa a nan suke ɓata hanya. Sai mutum ya yi ta sintiri a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya samu takarda mai tambari, daga baya a ce masa ai ciyaman ba shi da hurumi a kan wannan wurin.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ita ce tushen komai. Ta ɗora duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sannan ta raba kulawa gida biyu. Ƙasar da ke cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O. Wadda ke wajen wannan yanki kuwa tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, domin noma ko zama ko wani amfani. Ko a nan ɗin ma ikonta yana da iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna.

Abin lura shi ne, ba ido ke tantance birni ba, takarda ce. Gonarka na iya kasancewa ana shuka gero a cikinta har yau, amma a taswirar gwamnati ta daɗe da shiga birni. Jihohi kan ayyana hedikwatar ƙananan hukumomi da kewayensu a matsayin birni, kuma iyakar tana faɗaɗa. A Kano, wanda gonarsa take Kumbotso ko Ungogo ya san cewa cikin ƙwaryar birni yake, don haka lamarinsa na ma'aikatar ƙasa ne da KANGIS, hukumar taswira da takardun filaye, da KNUPDA, hukumar tsara birane. A Kaduna harkar takardun fili tana hannun KADGIS, izinin tsari da gini kuma na KASUPDA. A harkar takardun fili, Gombe na da GOGIS, Nasarawa na da NAGIS. Abuja kuwa tata daban ce: ikon raba fili na Ministan Babban Birnin Tarayya ne, takardar ƙaramar hukuma ko ta sarkin ƙauye ba ta ba ka mallaka. Dalilin da ya sa kowace jiha take da nata tsarin shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a shari'ar Legas da Gwamnatin Tarayya, wanda ya tabbatar da cewa tsara gari hurumin jihohi ne.

Saboda haka tafiyarka ta farko ta tambaya ce kawai. Je wurin jami'in filaye a sashen ayyuka na ƙaramar hukumarku, ka faɗa masa inda gonar take, ka tambaye shi ko cikin yankin birni take. Kada ka tsaya a kan amsarsa shi kaɗai. Wuce ofishin shiyya na ma'aikatar ƙasa ko hukumar tsara birane ka sake tambaya. In amsoshin biyu suka saɓa, bi ta jiha. Kuma ko da wurin na ƙaramar hukuma ne, ka sa a ranka cewa zanen fulotai yakan bi ta hannun masu tsara gari na jiha kafin a amince da shi.

Ga abin da dokar ta ce game da yanka kansa, don kada wani ya ce maka ba komai. Sashe na 36 ya hana a yanka gonar da aka riƙe tun kafin 1978 a wajen birni zuwa fulotai. Sashe na 34 ya ce filin da ba a gina ba a cikin birni, wanda mutum ya riƙe tun wancan lokacin, ba a yanka shi sai da rubutacciyar yardar gwamna. Hukuncin saɓawa tarar naira 5,000 ne ko ɗaurin shekara guda. Tarar a yau ba ta tsorata kowa, amma ba ita ce masifar ba. Masifar ita ce takardar cinikin da aka yi ta zama ba ta da wani ƙarfi a gaban kotu, kuma wanda ya saya shi ke kwana a ciki.

Tsarkake mallaka kafin a taɓa igiya

Hukuma ba ta amincewa da yanka wurin da ba a san mai shi ba. Tattara duk abin da ke nuna yadda gonar ta zo hannunka: takardar ciniki, takardar kyauta, takardar rabon gado, tsofaffin rasit na kuɗin ƙasa, da shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi. Sa hannun masu sarauta yana da amfani ƙwarai, don su ne suka san tarihin wuri da iyakokinsa, kuma ƙaramar hukuma takan nemi shaidarsu. Amma shaida ce, ba izini ba ce. In gonar ba ta da wata takardar hukuma sam, matakin farko shi ne ka nemi takardar mallaka a kan gonar gaba ɗayanta. A kan wannan uwar takardar za a gina neman yanka.

In kuma tana da C of O, duba abu uku. An biya kuɗin ƙasa na shekarun baya? Ba a ajiye takardar a banki jingina ba? Me aka rubuta a matsayin amfanin wurin? In an rubuta noma, to sai ka nemi canjin amfani zuwa gidajen zama, kuma wannan nema ne mai zaman kansa da kuɗinsa.

Gonar gado ita ta fi buƙatar haƙuri, kuma a nan nake so in daɗe. Abin da aka saba gani shi ne babban wa ya tsaya a madadin kowa, ya kira masu awo, ya fara sayarwa, ana cewa ai an yarda. Bayan shekaru sai ƙanwar da take aure a wani gari ta ji labari, ko marayan da yake ƙarami a lokacin ya girma ya nemi haƙƙin mahaifinsa. Kotu ta tsayar da komai, mutanen da suka saya da kuɗin guminsu su shiga shari'ar da ba su san farkonta ba. Zumunci ya lalace, fili ya zama kango.

Hanyar da ta dace ita ce a kai rabon gaban kotun shari'ar Musulunci, ko kotun da ke da hurumin gado a wurinku, a lissafa magada kaf, maza da mata, na kusa da na nesa, a fitar da takardar rabo mai hatimin kotu. In akwai marayu, a naɗa wanda zai tsaya musu a hukumance. In magadan sun zaɓi mutum ɗaya ya yi zirga-zirgar ofis a madadinsu, a rubuta masa takardar wakilci a wurin lauya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kuma fayyace ko wakilcin ya haɗa da sayarwa ko neman izini ne kawai. Ka tuna kuma a mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da damar karɓe shi a kan kuɗin da aka saya. Wannan kaɗai ya isa ya sa a gama rabo kafin a kira mai saye.

Dokar 1978 ma ta taɓo wannan. Sashe na 24 ya ce filin da ke da takardar gwamna ba a raba shi gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi sai da yardar gwamna. Wato takardar kotu ta faɗi kason kowa, amma ba ita ke mayar da fili ɗaya ya zama fulotai masu takardu daban-daban ba.

Bincika ko wurin ma yana yankuwa

Kafin ka kashe kuɗi a kan zane, sa wanda ke da na'urar GPS ya ɗauko lambobin kusurwoyin gonar, ka kai ofishin filaye a ɗora su a kan taswirar gwamnati. Ana biyan kuɗin bincike, kuma kuɗi ne da ba a yin nadamarsa. A nan za ka san ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin, ko akwai tsohon awon gwamnati da ya hau kansa, ko an ware shi don makaranta, kasuwa, maƙabarta ko hanya, ko yana cikin dajin gwamnati ko burtali.

Duba kuma abin da ya ratsa gonar ko ya bi ta gefenta. Babbar hanyar tarayya tana da haƙƙin mita 45.72 daga tsakiyarta zuwa kowane ɓangare. Babban layin wuta mai ƙarfin 330kV yana buƙatar faɗin mita 50, wato 25 kowane gefe. Mai 132kV mita 30. Masu 33kV da 11kV mita 11. Masu gonaki a hanyar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina, su tabbatar da iyakar abin da aka keɓe. Duk abin da ya faɗa cikin irin waɗannan wurare ba fuloti ba ne, komai kyansa.

Akwai binciken da ba a ofis ake yinsa ba. Je gonar a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka tsaya ka ga inda ruwan yake bi da inda yake kwanciya. Tambayi dattawan da suka noma wurin. Fadama da tsohon kududdufin da aka cike da shara suna yin kyau da rani, kuma da rani dillalai suka fi son kai mai saye.

Kira safiyo mai rajista

Ba duk mai ɗauke da na'ura ne safiyo ba, wato ƙwararren mai awon ƙasa. Wanda hukuma ke karɓar aikinsa shi ne mai rajista da SURCON, majalisar da ke kula da masu safiyo a Najeriya, mai hatimi da lambar rajista. Tambaye shi lambarsa kai tsaye, kuma ka tambaya ko zai shigar da kwafin aikin a ofishin Babban Safiyo na jiha. Taswirar da ba a shigar ba, ba ta da gindin zama ranar da rigima ta tashi.

Aikinsa na farko shi ne auna kewayen gonar gaba ɗaya, ya kafa duwatsun siminti masu lamba a kowace kusurwa, ya fitar da taswira mai nuna girma da siffa da maƙwabta. Ranar awon, gayyaci duk wanda kuke iyaka da shi, da mai unguwa. Kowa ya tsaya a kan iyakarsa ya gani da idonsa inda aka kafa dutse. In akwai saɓani kan wata bishiya ko tsohuwar kunya, a warware shi a ranar, a rubuta, a sa hannu. Roƙi safiyon ya nuna tudu da gangare a taswirar, domin mai zane zai buƙace su.

Kada ka yi mamaki in girman da ya fito ya gaza abin da aka daɗe ana faɗa a gida. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, kusan eka biyu da rabi. Gonar da ake kira eka uku tun zamanin kaka tana iya fitowa biyu da 'yan kai.

Zanen fulotai, inda ake gwada zuciyar mai gona

Daga safiyo sai masanin tsara gari mai rajista da TOPREC, majalisar da ke yi wa masu tsara gari rajista a Najeriya. Shi zai zana yadda fulotan za su zauna, ina hanya, ina magudanar ruwa, wane fuloti ke kallon ina, sannan ya rubuta ɗan rahoton da ke bayyana wurin da kewayensa. Nemi wanda ya saba aiki da hukumar jiharku, don ya san mafi ƙarancin girman fuloti da faɗin hanyar da suke karɓa.

Bari mu ɗauki misali. Ka ce filinka ƙafa 200 ne a 200, wato murabba'in ƙafa 40,000. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 yana cin 5,000. A lissafin dillali fuloti takwas ke nan cif, kuma haka zai faɗa maka. Amma huɗun da ke baya ta ina za su fita? A awon igiya sai a tsaga wani siririn lungu, a ce ai babur zai wuce. Mai zane na gaskiya zai ratsa tsakiyar filin da hanya, a ce mai faɗin ƙafa 30, kusan mita 9. Hanyar ta cinye murabba'in ƙafa 6,000, kashi 15 cikin ɗari na filin. Ya rage ƙafa 85 a kowane ɓangare. Yanzu zaɓi ya rage naka: fuloti takwas masu 50 a 85, in hukuma ta yarda da wannan girman, ko shida masu faɗin ƙafa 66 da ɗoriya, kowanne ya fi cikakken fuloti girma. Ko wanne ka ɗauka, kowane gida yana da ƙofa a kan hanyar da mota za ta shiga ta juya, da wurin kwata a gefe, da inda za a kafa turakun wuta.

A nan ne mai gona yake jin kamar ana yankar naman jikinsa, ya ga ƙasa mai tsada za ta tafi a hanya. Ni a ganina ba asara ba ce ko ta fuskar kuɗi, domin mai saye ya fi sakin hannu a kan fulotin da ke bakin hanya mai faɗi kuma yake da takarda. Ta fuskar haƙƙi kuwa maganar ta fi nauyi. Mutanen da za su zauna a wurin, da jikokinsu, za su fitar da mara lafiya da daddare, za su fitar da gawa, za su shigo da amarya da kayanta, duk ta wannan hanyar da kai ka yanke faɗinta a rana ɗaya. Tun ran gini tun ran zane: in an riga an gina, ba mai iya faɗaɗa lungu sai da rusa ɗakin wani.

Kula da abubuwa kaɗan a zanen kafin ka amince. Hanyarka ta haɗu da hanyar da ke akwai, kuma ta daidaita da ta maƙwabcin da ya riga ka yanka, kada ta je ta ci karo da katangarsa. Kwata ta bi gangare har ta kai babbar magudana, ba ta juye a gonar wani ba. Kada a bar wani ɗan ɓalli mai siffar alwatika da ba ya ginuwa, gara a haɗe shi da fulotin kusa. In wurin yana da ɗan girma, hukuma na iya neman a ware fili don masallaci, makaranta ko wani amfanin jama'a. Ware shi a zane da sunansa, don kada wani ya zo daga baya ya ce rarar fili ce.

Haɗa fayil ka miƙa

Rubuta takardar nema zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma in wurin nasu ne, ko zuwa ga ma'aikatar ƙasa ko hukumar filaye in na jiha ne. Gajeriya ta isa: sunanka, inda filin yake, girmansa, lambar takardarsa, fuloti nawa kake son fitarwa, da amfanin da za a yi da su. Yawancin ofisoshi suna da fom na musamman da ake saya a cike.

Abin da akan haɗa da ita: kwafin takardar mallaka, taswirar safiyo, kwafin zanen fulotai guda da yawa masu hatimin mai zane, rahotonsa, takardar rabon gado da ta wakilci in akwai, shaidar biyan kuɗin ƙasa, shaidar biyan haraji, hotunan fasfo da katin ɗan ƙasa. Karɓi jerin abin da suke buƙata a rubuce tun ranar farko, tare da jadawalin kuɗaɗe, don kowace jiha da nata kuma yana canzawa.

Biya ta banki ko ta hanyar da gwamnati ta tanada, cikin asusun gwamnati, ka karɓi rasit mai sunanka da lambar fayil. Kuɗin da aka ba wani a hannu a bakin ofis don "a taimaka a gaggauta" ba ya cikin fayil, kuma ranar da aka canja wa mutumin wurin aiki maganar ta mutu. Kada ka bar asalin takardarka a hannun kowa sai an ba ka shaidar karɓa. Ɗauki hoton kowace takarda a wayarka. Sa a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafinka, ka rubuta lambar fayil a inda ba za ta ɓata ba, domin da ita za ka riƙa bibiya.

A ƙaramar hukuma, fayil yakan bi ta jami'in filaye, ya je gaban kwamitin ba da shawara kan rabon filaye da dokar 1978 ta tanada, sannan ya isa teburin ciyaman. A jiha kuma yakan zagaya sashen tsara gari da na safiyo da na filaye kafin ya kai ga kwamishina ko wanda gwamna ya wakilta.

Ziyarar gani da ido da amsar hukuma

Jami'ai za su zo su duba wurin. Kasance a can da kanka, tare da safiyo da mai zane, a share ciyawar da ta rufe duwatsun iyaka. Za su gwada zane da abin da ke ƙasa.

Ba kasafai ake amincewa da zane a karon farko babu gyara ba. Za a iya cewa a ƙara faɗin hanya, a rage fuloti ɗaya, a juya fuskar wani. Karɓi gyaran a rubuce, ka mayar wa mai zane, ka sake miƙawa. In an ƙi gaba ɗaya, nemi dalili a rubuce, don da shi za ka ɗaukaka ƙorafi ko ka gyara. Lokacin jiran nan ne dillalai za su fi matsa maka, wani ma ya zo da kafin alƙalami a aljihu. Ka ce masa ya dakata. Fulotin da ka karɓi kuɗinsa yau yana iya zama shi ne wanda hukuma za ta ce ya koma hanya gobe.

Amincewa tana zuwa ne da wasiƙa da kwafin zane mai hatimi da lamba. Karanta sharuɗɗan da ke jikinta da kyau: wani lokaci akan ɗora maka share hanya ko haƙa magudana kafin sayarwa, wani izinin kuma yana da wa'adi.

Sauke zanen a ƙasa, sannan a raba takardu

Safiyo zai dawo ya kafa duwatsu a kusurwoyin kowane fuloti daidai da zanen da aka amince da shi, ya fitar wa kowanne taswirarsa da lambarsa. Sa gireda ta buɗe hanyar nan take, ko da ba za ka zuba mata tsakuwa ba. Hanyar da ke takarda kawai, maƙwabta kan ci ta da kaɗan-kaɗan, wannan ya turo katanga ƙafa biyu, wancan ya haƙa masai a bakinta.

In filin yana da uwar takarda, akan mayar da ita ga hukuma a buɗe wa kowane fuloti fayil nasa. Mai niyyar raba wa 'ya'yansa ya lura da sashe na 7: gwamna ba ya ba wanda bai kai shekara 21 ba takardar mallaka sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa masa.

Yanzu ne ciniki ya halatta a idon doka, amma shi ma da sharaɗinsa. Sashe na 21 ya ce mallakar gargajiya ba a sayar da ita ko a jinginar sai da amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 22 kuma ya ce mai takardar gwamna sai da yardar gwamna. Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa a wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan yarda ba. Don haka lauya ya rubuta takardar cinikin kowane fuloti da lambarsa da lambar zanen, a biya kuɗin hatimi, a nemi yarda, a yi rajista. Ba kowane mai saye kwafin zanen da aka amince da shi da kwafin wasiƙar izini, ka kuma gaya masa a fili cewa izinin yanka ba izinin gini ba ne, sai ya kai zanen gidansa hukumar tsara birane kafin ya haƙa tushe.

Buɗe littafi guda ka rubuta kowane fuloti, wanda ya saya, ranar ciniki, shaidu da dillalin da ya kawo shi, ka soke shi a kwafin zanenka da jan biro. Dillali fiye da ɗaya na iya tallata wuri guda, kuma ta haka ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ba tare da mai gona ya yi niyya ba. Idan gidaje suka fara tashi, kai kwafin zanen sakatariyar ƙaramar hukuma a sa wa layin suna a ba gidajen lamba, domin wannan aikin nata ne a tsarin mulkin 1999.